Yadda Ake Magance Kyamara Mai Cewa Batir Ya Ƙare Alhali Yana Cike

Ka cire batir daga caja, ko ka ɓare sabo daga kwalinsa, ka sa a kyamara, ba ka ɗauki hoto goma ba sai alamar batir ta koma ja tana ƙiftawa. Wani lokaci ma kyamarar ba ta jira, sai ta rubuta cewa a canja batir, ta ja lens ɗinta ciki, ta mutu. Wannan ya fi addabar kyamarori masu aiki da batirin AA, irin su Canon PowerShot na jerin A, Nikon Coolpix na jerin L, Fujifilm FinePix da Pentax K-x, amma masu batirin litiyam na musamman su ma ba su tsira ba. Mafi yawan waɗanda suka zo hannuna da wannan ciwo ba a kwance musu ko noti ɗaya ba suka warke, don haka kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai gyara ko sayen sabon batir.

Kayan da za ka tanada

- Sifirit mai tsabta, wato isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko sama. Mai kashi 70 zai yi, sai dai ruwansa ya fi yawa, dole a ba shi lokaci ya bushe sosai.
- Tsinken auduga na goge kunne, da tsinken sakace na itace ko na roba.
- Ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare, irin na goge tabarau.
- Farar kilinar fensir.
- Tocila, da madubin ƙara girma in akwai. In babu, kyamarar waya ta isa.
- Mitar gwada lantarki mai nuna lamba, wadda ke karanta bolt na DC.
- Resisto, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki mai rage gudun wuta, mai om 1, wat 5, don gwada batirin AA. In ba ka da shi, akwai wata hanya a mataki na 6.
- Ruwan khal ko na lemon tsami, da safar hannu, idan batir ya taɓa yoyo a ciki.
- Wani batirin da ka tabbatar yana aiki lafiya a wata kyamarar. Ko aro ne ka yi, domin ya fi duk sauran kayan nan rage maka wahala.

Abin da ya kamata ka fahimta kafin ka fara

Yawancin kyamarori ba sa iya leƙa cikin batir su ga yawan cajin da ya rage. Abin da suke aunawa shi ne ƙarfin wutar da ta iso gare su, wato bolt, a daidai lokacin da suke jan wutar. Da zarar ya sauka ƙasa da wani mizani da kamfani ya sa, sai su ce batir ya ƙare. Ita kuwa kyamara ba daidai take jan wuta ba. Tana zaune shiru sai kwatsam ta nemi amfiya ɗaya ko biyu (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja), lokacin da take fito da lens, ko cika filasha, ko rubuta hoto a katin ajiya.

Duk wani datti, tsatsa ko sakin sifirin da ke tsakanin batir da kyamara yana cin wani ɓangare na bolt ɗin a hanya, kuma yawan abin da yake ci yana ƙaruwa da yawan wutar da ake ja. Ɗauki misali: idan datti ya kawo turjiya, wato tare wa wuta hanya, ta om 0.2 kacal, kyamara kuma ta ja amfiya 1.5, an yi asarar bolt 0.3 tun kafin wutar ta isa. Ga kyamara mai batirin AA biyu masu caji, wadda gaba ɗaya abin da take samu bai wuce bolt 2.4 zuwa 2.6 ba, wannan asara ta isa ta tayar da gargaɗi. Kamar tanki ne cike da ruwa amma bututunsa ya toshe, mai tsaye a bakin famfo sai ya rantse tankin ya ƙafe. Shi ma batir da kansa yana da irin wannan turjiya a cikinsa, kuma tana ƙaruwa idan ya tsufa ko ya yi sanyi.

Doka ɗaya ce a duk aikin nan: canja abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce zuwa na gaba. In ka goge mahaɗai, wato ƙarafan da batir da kyamara ke haɗuwa ta kansu, ka canja batir, ka taɓa saiti duk a lokaci guda, ko kyamarar ta gyaru ba za ka san abin da ya gyara ta ba, gobe in ya dawo sai ka koma farko.

1. Lura da lokacin da gargaɗin ke fitowa

Sa batirin da ya cika, ka kunna kyamara, ka zuba mata ido. Idan gargaɗin yana fitowa tun wajen kunnawa, ko lokacin da lens ke motsi, ko bayan filasha ta haska, sannan in ka kashe ka kunna alamar ta koma cike, to turjiya ce, ko a mahaɗai ko a cikin batirin. Idan ɗan matse murfin batir da yatsa ko girgiza kyamarar yana sa alamar ta canja, murfi ne ko sifirin. Idan kuma lambar kaso ce ke tsalle, daga 60 ta faɗo 5 cikin minti ɗaya, wannan na batirin litiyam ne, lissafin da ke cikinsa ya rikice ko kuma ya tsufa. Wanda yake faruwa a waje cikin sanyi kawai, ka duba mataki na 8.

Ka zaɓi gwaji guda da za ka riƙa maimaitawa bayan kowane mataki. Ni abin da nake yi shi ne in kunna filasha dole, in ɗauki hotuna biyar a jere ina zuƙo lens gaba da baya a tsakaninsu. Kyamarar da ta jure wannan ba tare da alamar ta motsa ba, lafiyarta ƙalau.

2. Duba irin batirin da ke ciki

Wannan na masu AA ne. Girmansu ɗaya amma cikinsu ya sha bamban, kuma akwai lamba a jikinsu da ke faɗin irinsu.

R6 shi ne na zinc da gawayi. Sau da yawa an rubuta masa suna mai nuna ƙarfi a jiki, amma shi ne mafi rauni. Ya dace da agogon bango da rimot, kyamara kuwa ko sabo ne dal za ta iya ƙin kunnuwa da shi. LR6 shi ne alkalin, bolt 1.5. Yana aiki, sai dai ƙarfinsa yana zubewa da sauri idan an ja wuta da yawa, shi ya sa kyamara take korarsa alhali in ka sa shi a rimot zai yi watanni. HR6 shi ne mai caji, NiMH, bolt 1.2, kuma duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi riƙe ƙarfinsa idan kyamara ta ja wuta. FR6 shi ne litiyam marar caji, bolt 1.5, mai jure sanyi da daɗewa.

A ra'ayina, ga kyamara mai yawan ƙarya, NiMH mai riƙe caji irin Eneloop ya fi komai. Sanyo ce ta fito da shi a 2005, yanzu yana hannun Panasonic. Tsohon samfurin NiMH yana iya zubar da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na cajinsa a wata ɗaya yana ajiye, musamman masu babbar lamba irin 2500 ko 2700 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Mutum ya yi caji tun watanni biyu da suka wuce, ya ɗauko ya sa, kyamara ta ce babu wuta, ya ce ƙarya take. A nan gaskiya ta faɗa.

Kada ka haɗa sabo da tsoho, ko iri biyu, ko masu mAh daban. A jere suke aiki, mafi rauninsu shi ke jan sauran ƙasa. Kuma ka kiyayi batirin da aka rubuta wa 14500. Girmansa ɗaya da AA amma bolt 3.7 ne, zai iya ƙona kyamarar nan take.

3. Gyara saitin nau'in batir

Yawancin masu kyamara ba su ma san da wannan saitin ba. Kyamarori da dama masu AA suna da wuri a menu da aka rubuta "Battery type", inda za ka zaɓi alkalin, NiMH ko litiyam. Coolpix na jerin L suna da shi, FinePix da yawa suna da shi, Pentax K-x ma haka, har da mariƙin ƙarin batir na manyan kyamarorin Nikon idan an loda masa AA. Idan saitin yana kan alkalin ko litiyam ka sa NiMH, kyamara tana jiran bolt 1.5 ko sama daga kowane batir, sai ta ga 1.25, sai ta yanke hukuncin ya kusa mutuwa. Zaɓi wanda ya dace da abin da ke ciki, ka kashe ka kunna. Inda akwai zaɓin kyamara ta gane da kanta, ni na fi son in zaɓa mata da hannu.

In kyamarar ba ta barinka ka isa menu kafin ta mutu, kunna ta ta maɓallin duba hotuna. A kyamarori da yawa hakan ba ya fito da lens, don haka wutar da take ja kaɗan ce.

4. Goge mahaɗai

Nan ne akasarin matsalar take, don haka kada ka yi shi a gurguje. Kashe kyamara, cire batir da katin ajiya. Haska ramin batir da tocila. A mai AA za ka ga ƙarafa a can ƙasan ramin, da wasu a jikin murfi. A mai litiyam za ka ga 'yan fil ko 'yan faranti masu ruwan zinariya, uku ko huɗu ko fiye. Abin da kake nema shi ne dusashewar ƙyalli, baƙin tabo, koren tsatsa, ko farin gari mai kama da gishiri. Amma ko ba ka ga komai ba ka goge, domin maiƙon yatsa da siririn datti ba sa ganuwa, kuma sun isa su kawo wannan om 0.2 ɗin.

Jiƙa tsinken auduga da sifirit, ka matse shi a jikin ƙyalle har ya zama danshi kawai, ba mai ɗiga ba. Riƙe kyamarar bakin ramin yana kallon ƙasa, don duk abin da ya zubo ya fito waje maimakon ya gangara ciki. Murza audugar a kan kowane ƙarfe, ka canja sabuwa, ka maimaita har ta fito fara. A kan fil masu siriri, dannawa za ka yi a hankali, kada ka ja su gefe, suna lanƙwashewa. Daga nan ka goge kawunan batirin da kansu, da mahaɗan caja, domin in ka bar caja da datti gobe za ta mayar da shi kan batirin.

Idan kan batirin AA ko ƙarfen murfi ya dusashe, sifirit kaɗai bai cire ba, goga farar kilina kaɗan, ka hure ɓurɓushin, sannan ka bi da sifirit. Amma mahaɗai masu ruwan zinariya, sifirit kawai. Rufin zinariyar siriri ne ƙwarai, samfefa ko wuƙa ko allura za su kankare shi, ƙarfen da ke ƙasa ya fara tsatsa, bayan 'yan makonni ciwon ya dawo fiye da da. Wasu baturan litiyam mahaɗansu a cikin 'yan tsagu suke. Naɗa ƙyalle ɗan siriri a bakin tsinken sakace, ka jiƙa, ka zura. Ƙarfe kam kada ya shiga wurin, yana haɗa mahaɗai biyu zai yi tartsatsi.

Farin garin nan kuwa alkalin ne ya yi yoyo. Sinadarin yana ƙuna, sa safar hannu, kuma kada ka hura shi da baki ya shiga ido. Sifirit ba ya kashe shi, abu mai tsami ne ke yi. Ɗan taɓa shi da audugar da aka jiƙa da khal ko lemon tsami, za ka ga yana kumfa. Kankare da tsinken sakace, ka maimaita har kumfar ta daina, ka bi da auduga mai danshin ruwa, sannan sifirit. Bar murfin a buɗe na wasu awanni. Idan garin ya bi waya ya shige cikin jikin kyamarar, wannan ya wuce aikin gida.

In ba ka da sifirit, busasshen ƙyalle da ɗan murzawa yana taimakawa. Kada ka maye gurbinsa da turare, man cire farce, fetur ko man feshi na kwance noti. Wasu suna cin roba, wasu suna barin maiƙo.

5. Duba sifirin da murfi

Sa batir ka danna shi da yatsa. Ya kamata ka ji yana turo ka da ƙarfi. In ya nutse ba turjiya, ko ɗaya ya fi ɗan'uwansa zama ƙasa, ƙarfen ya kwanta. Zura tsinken roba ko na itace a ƙarƙashinsa ka ɗago shi kaɗan, kamar milimita ɗaya, ba fiye ba. Ƙarfe ne da ya riga ya gaji, in ka lanƙwasa shi gaba da baya sau biyu ko uku zai karye, kuma samun madadinsa wahala ne.

Murfin kyamara mai AA yana ɗauke da ƙarfen da ke haɗa baturan, kuma sifirin suna tura shi kullum, shi ya sa 'yan haƙoran roban da ke kulle shi suke tsagewa. Rufe shi ka duba ko akwai 'yar tazara. Ka matse shi da babban yatsa ka yi gwajin filasha. In gargaɗin ya ɓace, ka kama ɓarawon. Na ɗan lokaci za ka iya ɗaure shi da roba ko salatif mai ƙarfi, wasu kuma suna ɗaura farantin tirayifod, wato sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, a ƙasa idan faɗinsa ya kai ya danne murfin. Gyara na dindindin shi ne sabon murfi.

Akwai kuma ɗan ƙaramin maɓalli a bakin murfin batir, wani lokaci da na katin ajiya, wanda ke gaya wa kyamara cewa an rufe. In ƙura ta cika shi ko harshen da ke danna shi ya lashe, kyamara za ta riƙa mutuwa kamar batir ne. Goge shi da busasshen buroshi.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: ba duk AA ne tsawonsu ɗaya ba. Ƙa'idar ta ba da damar bambancin tsawo na kusan milimita ɗaya, kuma wasu masu caji ɗan kan nasu gajere ne, ba ya kaiwa ga ƙarfen da kyau. Gwada na wani kamfanin. Cusa takardar alminiyam don cike gibin dabara ce da ba na so, tana zamewa ta haɗa abin da bai kamata ba.

6. Gwada batirin da mita

Juya mita zuwa bolt na DC, ma'auni 20 in ba mai zaɓa da kanta ba ce. Jan tsinke a kan +, baƙi a kan −. Kada ka kuskura ka sa ta a ma'aunin amfiya ka ɗora kai tsaye a kan batir, fis ɗin mitar zai ƙone, batirin kuma ya yi zafi.

Sabon alkalin yana nuna wajen 1.55 zuwa 1.6. NiMH da ya fito daga caja yana nuna wajen 1.4, ya sauka zuwa 1.3 da wani abu bayan ya huta. Sabon FR6 yana kaiwa 1.7 zuwa 1.8. Batirin litiyam mai ɗaki ɗaya, wato mai ƙwayar batir guda a cikinsa, wanda aka rubuta wa 3.6 ko 3.7, yana nuna kusan 4.2 in ya cika. Mai ɗaki biyu, irin Canon LP-E6 ko Sony NP-FW50 da aka rubuta wa 7.2, yana nuna kusan 8.4. In ka ga sifili a batirin litiyam, ƙila makarin kariyar da ke cikinsa ne ya yanke, sa shi a cajarsa ta asali ka gani ko zai farfaɗo.

Sai dai wannan awo rabin labari ne, kuma shi ne ke yaudarar masu koyo. Mita ba ta jan wuta, don haka batirin da ya gama yayi zai iya nuna lamba mai kyau. Dole a ɗora masa kaya. Ga AA, haɗa resiston om 1 tsakanin + da − tare da tsinkayen mitar, na daƙiƙa biyar kawai, domin resiston yana ɗumi. Wannan yana jan sama da amfiya ɗaya, kwatankwacin abin da kyamara ke yi. NiMH mai lafiya zai tsaya a wajen 1.2. Wanda ya faɗo ƙasa da 1.1 nan take alhali yanzu aka yi masa caji, ya gaji. Abin da ya fi lambar kanta muhimmanci shi ne kwatanta su: gwada duka biyun ko huɗun, in ɗaya ya bambanta da sauran sosai, shi ne ke kashe maka kyamara. Cire shi, ka yi masa alama.

In babu resisto, sa baturan a tocila mai ƙwan fitila na da, ka auna su tana kunne, ko kuma ka yi amfani da kyamarar kanta a matsayin ma'auni, kana musanya batir ɗaya-ɗaya da wanda ka yarda da shi. Batirin litiyam kuwa ban ba mai koyo shawarar ya ɗora masa resisto ba. Musanya shi da na aro ya fi aminci: in na aron ya yi aiki a kyamararka, naka kuma ya yi ƙarya a kyamarar mai shi, magana ta ƙare.

Ka kuma ɗora batirin litiyam a kan tebur mai santsi ka juya shi. In yana lilo ko yana juyawa kamar cikinsa ya tasa, ko yana maƙalewa a rami, ya kumbura. Daina amfani da shi, kada ka huda, kada ka yi masa caji, ka kai inda ake karɓar matattun batura.

7. Zargi cajar ma

Koren fitila ba shaida ba ce. Cajojin AA masu sauƙi suna caja batura biyu a haɗe, ko suna yanke wuta bisa agogo, don haka ɗaya ya cika ɗaya bai cika ba. Wadda ke kula da kowane gurbi daban ta fi, musamman mai nuna mAh, domin za ta gaya maka ainihin abin da batir ke ɗauka. NiMH da ya daɗe a ajiye yana farfaɗowa in an sauke shi, wato an ƙarar da cajinsa, an sake caja sau biyu ko uku. Wasu FinePix suna da zaɓin sauke batir a menu don wannan aikin, amma na masu caji ne kawai, in ka yi da alkalin ka kashe shi a banza. Ga masu caji ta USB, gwada wata igiyar USB da wani kan cajar, sannan ka auna batirin bayan an gama ka gani ko ya kai 4.2 ko 8.4.

8. Sanyi

Yawancin kyamarori an tsara su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. Idan batir ya yi sanyi turjiyarsa tana hawa, kyamara ta ce ya ƙare, in ya ɗumama cajin ya dawo. Sa shi a aljihun ciki na minti goma, ka riƙe na biyu kana musanyawa. Kada ka ɗumama shi a kan wuta, kuma kada a yi wa litiyam caji yana ƙasa da digiri 0.

9. Baturan litiyam masu lissafi

Ƙarin mahaɗan da ke jikin waɗannan batura ba na wuta ba ne. Ɗaya kan zama na auna zafi, wani kuma na zance tsakanin batir da kyamara. Manyan batura irin Canon LP-E6, Nikon EN-EL15 da na Sony InfoLithium suna da ɗan guntun kwamfuta a ciki mai lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. In mahaɗin zancen ya yi datti, kyamara za ta iya nuna batir fanko ko ta ce ba ta gane shi ba, alhali wuta tana zuwa daidai. Koma mataki na 4 ka ba wannan mahaɗin kulawa ta musamman.

Lissafin yana kuma karkacewa idan kullum ana ɗan caji ana cirewa. Don daidaita shi, caja batirin ya cika, yi amfani da shi har kyamara ta mutu da kanta, bar shi ya huta kamar awa ɗaya, sannan ka caja shi ya cika ba tare da katsewa ba. Sau ɗaya ko biyu ya isa. Wannan ba ya ƙara wa batir ƙarfi, ma'aunin kawai yake gyarawa, kuma yawan sauke litiyam har ƙasa yana rage masa kwana. Cajojin manyan kyamarorin ƙwararru, irin na Nikon EN-EL18 da Canon LP-E4, suna da maɓallin da ke yin wannan aiki da kansa.

Leƙa shafin bayanin batir a menu. Nikon tana nuna shekarun batir daga 0 zuwa 4, inda 0 sabo ne, 4 kuma ya kai ƙarshe. Canon tana nuna 'yan sanduna, uku kore lafiya lau, ɗaya ja lokacin canji ya yi.

Baturan wasu kamfanoni ba duka ne marasa kyau ba, amma guntun da ke cikinsu kwaikwayo ne, wani lokaci kyamara ba ta karanta shi daidai, musamman sabuwar kyamara da tsohon batir, ko bayan an sabunta manhajarta. Jabu mai ɗauke da tambarin kamfani ya fi muni. Yawanci ya fi na asali rashin nauyi, rubutunsa kuma ya dusashe ko ya karkace. In kana da sikeli ƙarami, auna su biyun ka kwatanta.

10. Cire duk abin da aka jona

Cire mariƙin ƙarin batir, filashar waje, makirfo, wayar USB da katin ajiya. A kyamara mai canja lens, cire lens ɗin ka goge mahaɗansa da busasshen ƙyalle, ka gwada da wani. Mariƙin da notin ɗaure shi ya saki sananne ne wajen kawo wannan ƙarya. Lens mai injin da ya fara cijewa yana jan wuta fiye da kima, haka ma ƙaramar kyamarar da yashi ya shiga bututun lens ɗinta: za ka ji tana gurnani wajen fitowa, sai gargaɗi ya biyo baya. Mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, kana gwaji, har ka ga wanda ya dawo da ciwon.

11. Mayar da saiti da sabunta manhaja

Cire batir, ka danna maɓallin kunnawa na rabin minti, ka bar kyamarar haka na ɗan lokaci, sannan ka mayar. In bai yi ba, rubuta saitunanka a takarda ka mayar da kyamarar saitin kamfani daga menu, ka tuna ka sake zaɓar nau'in batir bayan nan. Wasu PowerShot suna da ƙaramin batirin agogo, CR1220, a wani ɗan aljihu kusa da ramin batir. In kyamara tana tambayarka kwanan wata duk lokacin da ka canja batir, shi ne ya mutu, canja shi don kada ya rikita maka bincike.

Duba shafin kamfanin a intanet ko akwai sabuwar manhajar cikin kyamara, ka karanta bayanin abin da ta gyara, domin kamfanoni sukan gyara ma'aunin batir ta wannan hanya. A nan akwai haɗari: in wuta ta yanke ana tsakiyar sabuntawa, kyamarar za ta iya mutuwa gaba ɗaya. Kyamarar da ke kashe kanta ba gaira ba dalili, kada ka fara sabunta ta sai da adaftar wutar gida ta asali, ko batirin da ka ga ta yarda da shi ya ci gwajin filasha.

12. Gwajin ƙarshe da adafta

In ka bi duk wannan ba canji, nemi adaftar da aka yi wa samfurin kyamararka, ko mai shiga ta rami a gefe ko mai siffar batir da waya a jiki. Tabbatar bolt ɗinta da inda + da − suke sun yi daidai da abin da littafin kyamarar ya ce, kada ka gwada kowace adafta don bakinta ya shiga. Idan kyamara ta yi aiki lafiya ta ramin gefe amma ta ƙi da batura masu kyau, laifin yana tsakanin ramin batir da allon ciki, watau waya ko dalma ta saki. Idan ko da adaftar tana cewa batir ya ƙare, sashen rarraba wuta ko na auna ta ne ya lalace.

Duka biyun aikin mai gyara ne. Kada ka buɗe jikin kyamarar da kanka: kwandensan filasha, wato abin da ke tara mata wuta, yana riƙe wajen bolt 300 ko bayan an cire batir, kuma yana jan mutum sosai. In za ka kai ta, tafi da batirin da cajar, ka faɗa masa lokacin da gargaɗin ke fitowa, lambobin da mita ta nuna, da sakamakon gwajin adafta. Ka kuma nemi ya gaya maka kuɗin gyara kafin ya taɓa, domin a tsohuwar ƙaramar kyamara canjin allon wuta yakan zarce darajar kyamarar kanta.